Jinkar da Mata Suka Ɗaga

Masu zuwa Rigasa yanzu ba sa yarda in na ce musu na yi noma a inda suke tsayawa jiran mota. Ni kuwa ban ce dole su yarda ba. A zamanin da nake magana Turawa ba su tafi ba, sai dai an fara raɗe-raɗin tafiyarsu, Rigasa kuma 'yan gidaje ne warwatse cikin gonaki. Wanda zai shiga gari sai ya ce za shi Kaduna, kamar mu ba a Kadunar muke ba.

Mai gidana ya rasu bayan an gama shigar da amfanin gona. Ciwon ciki ne na 'yan kwanaki, Allah ya jiƙansa. Ya bar ni da yara uku, maza biyu da mace a goye, da ɗaki ɗaya, da rumbun ƙasa wanda ya gina da hannunsa, ya cika shi har wuya da dawa da gero. Da na fita takaba sai wansa ya zo, wanda nake kira Yaya. Masinja ne a wani ofishin gwamnati a Doka, can cikin gari, yana da keke da kaki mai guga, amma a babban gida yake zaune nan Rigasa, yana nomansa kamar kowa. Ya zauna a gindin ɗorawar ƙofar gida ya ce mini mace ba ta riƙe gida ita kaɗai. Zai ɗauki mazan biyu su koma wurinsa, ni kuma in tafi gidanmu da ƙaramar har Allah ya kawo wani mijin.

Na ce masa, kaina a sunkuye yadda ya kamata, abincin shekara yana cikin rumbu, kuma muddin akwai abin da zan tuƙa musu ba inda 'ya'yana za su.

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "To, Amarya, mu ga ƙarshen damina." Amarya yake ce mini tun ranar da aka kawo ni gidan, har na haifi uku bai canza ba.

A kan haka muka rabu. In hatsi ya kai mu kaka, yara suna hannuna. In ya yanke, ya zo da jakinsa ya kwashi kayansu. Bai faɗa da mugunta ba, ni ma ban ɗauka mugunta ba ce, amma daga ranar duk sanda na fito tsakar gida rumbun nan nake fara duba kafin in dubi sama.

A gidajenmu mace ba ta shiga rumbun miji, ko leƙawa ba ta yi. Ƙofarsa 'yar ƙarama ce can sama ƙarƙashin jinka, mai gida ke sa tsani ya hau ya jefo dami, ke naki ki sussuka ki daka. Sama da shekara goma da auren ban san yadda cikinsa yake ba. Bayan rasuwar, Yaya ne ke zuwa duk ranar da ba ofis, ya hau ya sauko mana da na mako.

Iskar ta zo da la'asar, da hadarin farko na shekarar. Zafi ya ishe mu har muna murnar ganin gabas ta yi baƙi, na kwashe shanya ina wa yara waƙa. Kafin in rufe ƙofa gari ya yi ja, sannan ya yi duhu. Muna ƙunshe a ɗaki muna jin zana tana yagewa, kaji suna kuka, sai wani ƙara mai nauyi da na ji har a ƙafafuna. Da abin ya lafa na fito, ruwa na yayyafi. Rumbu yana nan tsaye amma kansa a buɗe. Jinkar tana can cikin gona a kife, rabin tsaikonta, wato itatuwan da ake ɗaura ciyawar a kai, ya kakkarye. Wani reshen ɗorawa kuma ya faɗo ya tsaga gefen rumbun tun daga wuya har kusan ciki.

Washegari da safe ban jira kowa ba, na jingina tsani na hau. Ina hawa ina jin kamar marigayin zai fito ya kama ni. Na leƙa. Ashe haka mutumin nan yake da tsari. Dawa a ƙasa, dami bisa dami kamar an jera tabarmi, gero a sama, zangarniyar iri kuma ya zaɓe ta ya ɗaure daban ya rataye a jikin bango. Duk shekarun nan ina masa faɗan yar da takalmi a tsakar gida, ga inda ya kai hankalinsa. Na tsaya a kan tsanin na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza saboda idon mutane. Geron da ke sama ya jiƙe kaɗan, amma rana ɗaya za ta busar da shi.

Ban damu sosai ba a lokacin, don na san al'adarmu. Duk shekarar da iska ta yi ɓarna, washegari maza kan haɗu gayya, su bi gida gida, wannan ya kawo igiya, wancan ya kawo gora, mata su dama kunu. Kafin rana ta faɗi kowane rumbu ya sami hularsa, gidan marayu kuwa da shi ake farawa. Har na jiƙa tsamiya.

Ba wanda ya zo. Sai da yamma ga Yaya a kan keke, yana ta kaɗa ƙararrawa tun daga nesa kamar mai kawo albishir. Albishir ɗin kuwa ya kawo. Ya ce gwamnati ta ji labarin ɓarnar, za ta ba da gudummawar kuɗi ga duk manomin da iska ta lalata wa rumbu ko garke ko rumfa. Sharaɗi ɗaya ne, malamin gona zai zo ya gani da idonsa yadda iska ta bar abin. Wanda ya gyara kafin a zo, ba shi ba gudummawa. Ashe tun da asuba wani abokin aikinsa ya tsegunta masa, ya bi gidaje ya hana gayya kafin ya wuce ofis.

Na ce, "Yaya, yaushe zai zo?"

Ya ce, "Jibi, in Allah ya so."

Na ce, "Ruwan fa, shi ma an gaya masa ya jira jibin?"

Ya ce in bar surutu, in rufe da zana. Kuma kada in sake in taɓa jinkar nan, a bar ta a kife inda ta faɗi.

Gaskiya zan faɗa a kansa. Ba dabara ya yi don hatsina ya lalace ya samu yara ba. Nasa rumbunan biyu ma haka ya bar su a buɗe, da zana a kai. Mutum ne da ya yi shekaru yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, ya yarda duk abin da ofis ya ce jibi to jibi ne. Kuma yana alfahari shi ya kawo wa unguwa wannan alheri.

Jibi ta zo ta wuce. Wata jibin ma ta wuce. An ce ɓarnar ta kai har wasu garuruwa, malamin gona ɗaya ne da kekensa, yana bi daki-daki. Ban taɓa ganin maza suna gadin ɓarna ba sai a shekarar. Ƙatti majiya ƙarfi, zaune a inuwa, kowa yana lura kada yara su ja masa karyayyen itace su ɓata masa shaida. Akwai wanda akuya ta ci masa gefen tsohuwar jinka ya kusa kai ƙarar mai akuyar.

Ruwa na biyu ya zo da iskarsa, ya ɗauke zanar da na rufa kamar ganye. Na shimfiɗa tabarmin kwananmu, na danne da duwatsu, ruwa ya bi ta tsagar gefe ya shiga abinsa. Na kwaso zangarniyar iri da abin da zan iya na gero na kai ɗaki, kwana biyu gara ta taso ta ƙasa ta fara aikinta, ga ɗakin da ƙyar yake ɗaukarmu mu huɗu. Irin dai na shuka shi, aƙalla wannan ya tsira. Da na sake hawa bayan ruwa na uku, tun ban leƙa ba wari ya tarye ni, warin tsami irin na ƙullun da ya kwana. Damman sama sun fara baƙi, wasu zangarnun har sun fitar da fararen tsiro. Na sa hannu can ciki na ji ɗumi. Duk macen da ta taɓa jiƙa hatsi ta san ma'anar wannan ɗumin.

Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mutanen da mai gidana ya ɗaga wa jinka ba sau ɗaya ba. Na gaishe su, na durƙusa, na ce ni na yafe gudummawar, a taimaka a rufe mini rumbu. Wannan ya ce sai abin da Yaya ya ce. Wancan ya ce in malamin gona ya zo ya ga ana gyare-gyare a unguwa zai ɗauka duk mun warke ya wuce. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, gwamnati ba ta ƙarya. Na ce ban ce tana yi ba, Baba, amma ba ta da rumbu a Rigasa.

Na dawo gida raina a ɓace, har goyon da ke bayana ta sha tsawar da ba ta yi laifinta ba. A bayan ɗaki akwai damman shuci, ciyawar rufi, da marigayin ya yanka kafin ya kwanta, da niyyar sabunta rufin ɗakinmu. Na tsaya ina kallonsu. Ɗaki in ya yi yoyo a tara ƙwarya a matsa gefe. Na jawo su tsakar gida.

Ba a san mace da yin jinka ba, amma ba a rufe mini ido sanda ake yi a gabana. Ni da yarana muka ja tsohuwar daga gona, na cire itatuwan da suka karye, na sa gora a madadinsu, na ɗaure da igiyar rama. Na zauna na yi yanta, wato saƙa ciyawar a jere da igiya ta zama doguwar shimfiɗa, sannan na bi tsaikon da ita daga ƙasa zuwa sama ina ɗaurewa. Sau biyu ina kwancewa don na fara ta inda ba a farawa. Shuci ya yayyanke mini hannu har ba na iya riƙe muciya sai da tsumma. Tsagar gefe kuma na kwaɓa laka da ciyawa na cusa, na shafe, ina roƙon Allah ya ba ni rana biyu. Ya ba ni. Damman da suka jiƙe na sauko da su na baza, waɗanda suka mutu na ba kaji.

Maza suna wucewa suna leƙe ta kan darni. Ɗaya ya ce, "Sannu da aiki, maginiya. In kin gama sai ki ce mata ta tashi ta hau." Ya san abin da yake faɗa. A ƙasa ake gama jinka, kuma sai maza da yawa sun kewaye ta sun ɗaga lokaci ɗaya kafin ta hau kan rumbu. Na gama, ta zauna a tsakar gida, kyakkyawa ba laifi, ba ta tsare ko ƙwaya ɗaya daga ruwa ba.

Ina da wata ƙawa Bagwariya mai sayar da itace. Kullum ta ƙofata take bi za ta kasuwa a gari, in ta dawo ta tsaya ta sha ruwa, wani lokaci ta bar mini 'yan ƙirare, ni in ba ta daddawa. Ta tarar da ni zaune kusa da jinkar na yi tagumi. Na ba ta labari. Ta zagaya jinkar, ta sa kafaɗa ta ɗan gwada, don su matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba.

Ta ce, "Ƙawa, wannan ce ta gagari mazan garinku? Ai ba ta kai itacen da muke kaiwa Kaduna ba."

Na ce, "Ba gagararsu ta yi ba, jiran kuɗi suke."

Ta ce, "To su jira. Ki dama kunu gobe."

Da hantsi sai ga su a jere, ita da 'yan uwanta, kowa ta sauke itacenta a gindin ɗorawa. Tsofaffi biyu daga maƙwabta suka shigo, suka ce su sun wuce a yi musu faɗa. Wata matar aure ta ɓullo ta ɓarakar darni, ta ce mijinta ya tafi kasuwa, mu yi sauri. Muka kewaye jinkar. Matan Gwari suka shiga ƙarƙashi suka sa kafaɗa, mu Hausawa muka riƙe gwafanni muna tokarewa, ni na hau tsani ina jawo bakin. Karon farko ta zame ta kusa danne tsohuwa guda, tsohuwar ta zage mu tas, muka yi dariya har ƙarfinmu ya tafi. Karo na biyu ƙawata ta ba da murya da yarensu, suka miƙe gaba ɗaya, na ji nauyin ya bar hannuna. Jinkar ta zauna, a ɗan karkace, kamar hular wanda ya tashi daga barci. Muka ɗaure ta da igiya ta kusurwa huɗu, muka sha kunu, suka ɗauki itacensu suka wuce kasuwa. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon yadda yake gangarowa ta kan shuci yana zuba ƙasa. Daɗin da na ji a ranar ba na jin na sake jin irinsa.

Yaya ya zo ko keken bai jingine daidai ba. Ya ce na jawo wa marayu asara. Ya ce shi da bakinsa ya ambaci gidan ƙaninsa a ofis, yanzu da wane ido zai dubi mutane. Ya ce an ce har cikin rumbu nake shiga, abin da uwarsa ba ta taɓa yi ba.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ran nan na dube shi. Na ce, "Yaya, kai ka ce in hatsi ya yanke za ka kwashe yara. Ba ka ce in gudummawa ta yanke ba."

Ya ce tunda na zama namiji, in ci gaba da hawa da kaina. Bai sake zuwa sauko mana da dami ba. Na ci gaba da hawa.

Malamin gona bai iso ba sai da shuka ta kai gwiwa. Saurayi ne mai ladabi, ya rame, wandonsa duk taɓo, da gani ka san ba zama ya yi ba. Ya bi gidaje yana duba rumbunan da suka koma kamar turken shanu, yana toshe hanci. Da ya zo nawa, Yaya da mazan unguwa suna biye da shi, ya ga jinka a sama, ya ga ɗanyen yaɓe a gefe. Aka gaya masa gidan marayu ne. Sai ya rage murya.

Ya ce mini, "Uwargida, ni abin da idona ya gani kawai aka ce in kai. Amma in aka sauke ta aka ajiye a ƙasa, na ga rumbu ba rufi. In na wuce sai a mayar."

Tausayi ne ya sa shi, na sani. Yaya ya washe baki ya ce Allah ya yi masa albarka. Kafin in ce wani abu maza sun fara naɗe hannun riga. Har da mai ce mini maginiya, har da dattijon nan. Mutanen da na durƙusa wa su ɗaga suka ƙi, ga su suna rige-rigen saukewa. Na ɗauki taɓarya na tsaya a gindin tsani.

Na ce, "Malam, na gode, Allah ya saka. Amma wanda bai ɗaga ta ba ba zai sauke ta ba. In kun sauke, wa zai mayar? Ku? Na ga mayarwarku. Ga gabas can ta fara haɗuwa."

Yaya ya ce, "Amarya, kuɗi ne fa."

Na ce, "Na ji. A ba masu buɗaɗɗen rumbu."

Ba wanda ya matso. Malamin ya ɗan tsaya, ya ce Allah ya raya marayu, ya ja kekensa. Da suka watse na shiga ɗaki. Ina son kuɗin nan, kada wani ya ɗauka ba na so. Rufin ɗakina yoyo yake, ƙaramar ba ta da riga. Na yi kuka na share, na fito na ɗora tukunya.

Gudummawar ta fito daga baya, ba a cuci kowa ba, an ba duk wanda aka gani. Sai dai ta zo a tsakiyar marka, lokacin da hatsi ya yi tsada a kasuwa, na rumbunan kuwa ya riga ya zama taki. An yi sababbin jinkaye masu kyau a kan rumbunan da ba kome a ciki.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai a gona, ina shara na hango Yaya tafe. Ba keke, ba kaki. Jaki yake ja. Na yar da tsintsiya. Na ce wa mazan biyu su shige ɗaki kada su fito, na tsaya a bakin ƙofa ina shirya abin da zan faɗa masa, don na rantse ko gaban alƙali za mu sai dai mu je.

Ya yi sallama. Ya tambayi kwanan yara, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar kwanan yara. Yana ta murza igiyar jakin, idonsa a ƙasa kamar yadda nawa yake a da. Can ya ce, "Amarya, yaran gida tun shekaranjiya rama suke ci."

Sai a lokacin na lura ba igiyar ɗaure kaya kaɗai ya zo da ita ba, har da buhu. 'Ya'yan nan nawa ne su ma, kuma na san abin da ya rage zai kai mu sabon gero ko an raba. Na kira yarana su fito su kama wa babansu jaki. Na ɗauko tsani na jingina. Ya matso zai hau kamar yadda ya saba, ya tarar ƙafata tana kan matakin farko.

Na ce, "Yaya, riƙe mini tsanin."

Ya riƙe.